'Yanci lakadan, bahasi bashi: yadda jihar Jojiya ta kwance wa gundumomin iliminta doka

Ranar 30 ga watan Yunin 2015 ce wa'adin da jihar Jojiya ta Amurka ta ɗibar wa gundumominta na ilimi guda 180. Kowace sai ta shaida wa hukumar ilimi ta jiha inda ta dosa a cikin hanyoyi uku. Ko dai ta zama gundumar cata (charter a Turance, ma'ana takardar yarjejeniya), wato ta sa hannu a yarjejeniyar da za ta sauke mata kusan dukkan dokokin ilimi na jiha a lokaci guda, ita kuma ta yi alkawarin ɗaga sakamakon ɗalibai tare da raba iko da iyaye da malamai a kowace makaranta. Ko ta ɗauki yarjejeniya ta biyu, wadda a cikinta za ta lissafo dokokin da take so a ɗage mata ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ta raba iko da kowa ba. Ko kuma ta ce ta gode, za ta ci gaba da bin doka yadda aka rubuta ta, amma daga ranar kada ta sake zuwa neman sassauci sai in wani bala'i ne ya auku.

Da ƙura ta lafa, gundumomi biyu kacal suka tsaya a kan ta ukun: birnin Buford, mai wadata, wanda makarantunsa suka yi suna, da Webster, wata ƙaramar gundumar karkara da ɗalibanta ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Arba'in da 'yan kai suka zama na cata, wajen 130 suka bi hanya ta biyu. Ma'ana, kundin dokokin ilimi da majalisar jihar ta yi shekara da shekaru tana rubutawa, wanda suke kira Babi na 20, ya koma yana aiki da cikakken ƙarfinsa a wuri biyu kawai. Abin da aka ƙirƙiro a matsayin alfarma ga mai son gwada sabon abu ya zama ruwan dare. Don haka tambayar da ta dace a yi ita ce: me jihar ta karɓa a madadin abin da ta saki?

Kafin a kai nan sai an san ko mece ce gundumar ilimi a can. Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya ɗaukar ta kamar ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, alhali ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Mutanen yankin ne ke zaɓen 'yan majalisar gudanarwarta da ƙuri'a. Majalisar ce ke naɗa shugaban gunduma, ta ɗauki malamai, ta gina makarantu, kuma a mafi yawan wurare ita ke tsayar da harajin gidaje da filaye da ake biyan wani kaso na kuɗin makarantu da shi. Jojiya tana da gundumomin mulki 159, kowace da tata hukumar ilimi, sannan ga wasu birane 21 da ke riƙe da makarantunsu da kansu. Girmansu ya sha bamban ƙwarai. Gwinnett da ke gefen Atlanta, babban birnin jihar, tana da ɗalibai wajen 180,000, wasu kuma a karkarar kudu ba su kai ɗari biyar ba.

Mafi yawan ragowar kuɗin, wanda shi ne babban kaso a gundumomin talakawa, daga jiha yake zuwa, ta hanyar wani lissafi da aka kafa a 1985 zamanin Gwamna Joe Frank Harris. Kuɗin jiha kuwa ba ya zuwa shi kaɗai. Doka ta ƙayyade yawan yaran da za a zuba a aji: 18 a ajin share fage, ko 20 in akwai mai taimaka wa malami, 21 daga aji ɗaya zuwa uku, 28 daga aji huɗu zuwa takwas. Ta ce shekarar karatu kwana 180 ce. Ta ce sai mai lasisin koyarwa na jiha zai tsaya gaban allo, kuma albashinsa ba zai gaza abin da jadawalin jiha ya tsara ba gwargwadon shekarunsa a aiki da takardunsa. A 2006, zamanin Gwamna Sonny Perdue, aka ƙara da cewa kashi 65 cikin ɗari na abin da gunduma ke kashewa dole ya tafi kai tsaye cikin aji. Kowace daga cikin waɗannan ƙa'idoji tana da dalilinta, domin an yi ta ne bayan wani ya yi sakaci a wani wuri. Amma da aka tara su, shugabannin gundumomi suka fara kukan cewa an ɗaure musu hannu sannan ana tuhumarsu a kan sakamako.

Shawarar a musanya doka da alkawari ba a Jojiya ta samo asali ba, kuma tun farko ba don gunduma aka yi ta ba. A 1988 Albert Shanker, shugaban ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin malamai na Amurka, ya yayata ra'ayin a bar wasu malamai su buɗe ƙaramar makaranta ta gwamnati su tafiyar da ita yadda suka ga ya fi, bisa yarjejeniya mai wa'adi, abin da ake kira makarantar cata. Jihar Minesota ce ta fara yin dokar a 1991, makarantar farko ta buɗe a birnin St. Paul a 1992, Jojiya ta bi sahu a 1993 zamanin Gwamna Zell Miller. Ƙarfin wannan tsari yana wuri guda: makarantar da ta kasa cika alkawari ana iya rufe ta, yara su koma makarantun gunduma da ke kusa. Barazanar rufewa ita ce ke sa alkawarin ya yi nauyi.

To, a 2007 sai mataimakin gwamnan Jojiya na lokacin, Casey Cagle, ya tura dokar da ta faɗaɗa abin zuwa gunduma sukutum. A 2008 aka amince da huɗun farko: biranen Decatur, Gainesville da Marietta, da gundumar Warren. A shekarar ce kuma majalisa ta buɗe hanya ta biyun, wadda Gwinnett da Forsyth suka fara shiga a 2009. Ba abin mamaki ba ne da Gwinnett ta zaɓi wannan. Shugabanta J. Alvin Wilbanks, wanda ya riƙe kujerar daga 1996 har 2021, mutum ne mai tafiyar da babbar gunduma daga tsakiya, kuma yana da sakamakon da zai nuna. Sassauci yake so, ba abokan shawara ba. Fulton, mai ɗalibai sama da 90,000 a lokacin, ta zama ta cata a 2012, Atlanta kuma a 2016.

A nan ne aka ɗauko tsari aka bar abin da ke riƙe da shi. Makaranta ɗaya ana iya rufe ta. Gunduma kuwa ba ta rufuwa, domin ita ce wurin da yara ke komawa in an rufe wani wuri. Duk abin da ya biyo baya a Jojiya, mai kyau da marar kyau, yana da alaƙa da wannan giɓi.

Ba komai ake ɗagewa ba. Dokokin gwamnatin tarayya suna nan daram, haka na kare haƙƙin ɗan ƙasa da hana wariya, da na lafiya da tsaron yara, da na yara masu buƙata ta musamman. Ba a karɓar kuɗin makaranta daga yaran gunduma, kuma ba a tsallake jarrabawar jiha. Har ma ɗan shirun da bai wuce minti ɗaya ba da dokar Jojiya ta wajabta a farkon kowace ranar karatu, don kowa ya yi tunani ko addu'a a zuciyarsa, majalisa ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba ya cikin abin da za a ɗage. Za a iya ƙara yara goma a aji, amma ba za a taɓa minti ɗayan nan ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mutum abin da 'yan majalisar ke ganin masu zaɓensu ba za su yafe ba.

Abin da gundumomi suka fi rububi a kai guda huɗu ne, har jami'an ilimi na jihar suna kiransu manyan huɗu: yawan yara a aji, ƙa'idojin kashe kuɗi, lasisin malanta, da jadawalin albashi. Duk wanda ya dubi huɗun nan zai ga cewa ba maganar dabarar koyarwa suke ba, maganar kuɗi suke.

A ɗauki misali da wata makaranta mai yara 'yan aji uku su 88. In iyaka 21 ce, azuzuwa huɗu za su ɗauki 84, ragowar huɗun nan su tilasta buɗe aji na biyar: malami guda da albashinsa na shekara, da inshorar lafiyarsa, da kuɗin fanshonsa, da ɗakin da za a sa shi. In aka ɗage iyakar, sai a raba su 22 a kowane aji, an huta da ɗaukar mutum ɗaya. Babu mai hankalin da zai ce yaro guda da aka ƙara a aji zai rusa karatu, kuma shugabar makarantar tana iya juya kuɗin ta ɗauko wadda za ta zauna da yaran da har yanzu ba sa iya haɗa baƙi. A irin wannan hali sassaucin ya yi amfani. Matsalar ita ce takardar da ta halatta 22 ita ce dai ta halatta 28, kuma babu abin da ke cikinta da zai bambance shugabar da ta juya kuɗin zuwa karatun yara da gundumar da ta toshe ramin kasafi da shi.

Rami kuwa akwai shi, mai zurfi. Tun daga 2003 majalisar Jojiya ta riƙa biyan gundumomi ƙasa da abin da lissafin 1985 ya ce a ba su, da sunan tsuke bakin aljihu. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008 giɓin ya kai wajen dala biliyan ɗaya a shekara, kuma ba a cike shi gaba ɗaya ba sai a kasafin da aka zartar a 2018, zamanin Gwamna Nathan Deal. A tsakanin nan gundumomi da yawa suka rage kwanakin karatu ƙasa da 180, suka riƙa ba malamai hutun dole ba albashi, suka cika azuzuwa. Hukumar ilimi ta jiha, da ta san ba ta ba su kuɗin bin doka ba, ta riƙa ba su sassaucin yawan yara a aji shekara bayan shekara. Wa'adin 2015 cewa ya yi wannan rangwame ya ƙare, mai so sai ya sa hannu. Shugaban gundumar da azuzuwansa suka riga suka zarce iyaka, kuma ba shi da kuɗin ɗaukar malamai ɗari, wane zaɓi gare shi? Wannan ne ya sa ban yarda a karanta 178 cikin 180 a matsayin shaidar cewa tsarin ya karɓu ba. Yawancinsu larura ce ta kai su. Ga gundumomin cata ma akwai ɗan ƙarin kuɗi, kusan dala 100 kan kowane ɗalibi, amma ba ya wuce dala miliyan 4.5 ga gunduma ɗaya komai girmanta.

Duk da haka zalunci ne a ce babu abin kirki da ya fito. Dokar lasisi, alal misali, ta kan zama cikas na gaske a fannin sana'a. Gundumar karkara da ke son koya wa yara walda ko aikin jinya tana iya samun mutumin da ya yi shekara ashirin yana yi, amma ba zai koma jami'a neman takardar malanta don albashin da bai kai abin da yake samu ba. Ɗage dokar ya buɗe masa ƙofa. Haka ƙa'idar cewa sai ɗalibin sakandare ya zauna awa 150 a aji kafin a lissafa masa darasi guda: yaron da ya riga ya iya yana ɓata lokaci, wanda bai iya ba kuma awa 150 ba ta ishe shi ba. Gundumomin da suka yi amfani da sassauci wajen tura manyan ɗalibai koyon aiki a masana'antu, ko sake fasalin ranar karatu, sun yi abin da aka yi dokar dominsa. Sai dai ƙofar da mai walda ya shigo ta nan ne kuma ake shigo da wanda bai taɓa koyarwa ba a damƙa masa lissafin aji huɗu, saboda ba a sami kowa ba.

Yanzu sai ɓangaren bahasi, wanda shi ne rabin cinikin. A takarda abin ya tsaru. Yarjejeniya tana da wa'adi, galibi shekara biyar a karon farko. Akwai ma'aunin jiha da aka fara amfani da shi a 2012, mai ba kowace makaranta maki bisa ɗari, wanda ya haɗa sakamakon jarrabawa, da ci gaban da yaro ya samu daga bara zuwa bana, da yawan masu kammala sakandare. Ga masu yarjejeniya ta biyu an ce kowace makaranta ta riƙa rage kashi uku cikin ɗari na tazarar da ke tsakanin makinta da ɗari a kowace shekara, ko kuma ta nuna ta fi takwarorinta masu irin ɗalibanta. Wadda ta kasa, doka ta ce ana iya ƙwace ta daga hannun gunduma, a mai da ita makarantar cata mai zaman kanta, ko a miƙa ta ga wata gunduma, ko ga wata ƙungiya. Gundumar cata da ta kasa kuwa ana iya soke yarjejeniyarta.

Amma an ba da 'yancin lakadan ne, ranar da aka sa hannu, bahasin kuma bashi ne da sai bayan shekaru za a zo karɓa, kuma kafin ranar ta zo abubuwa da dama sun sauya. A 2018 jihar ta sake fasalin ma'aunin don ya dace da sabuwar dokar ilimi ta tarayya da Shugaba Obama ya sa wa hannu a ƙarshen 2015, har ya zama makin bana ba ya kwatantuwa da na shekarun da aka ɗauka a matsayin mafari. A 2020 annobar korona ta sa aka soke jarrabawa, aka yi shekaru ba a fitar da cikakken maki ba. Aka riƙa tsawaita wa'adin yarjejeniyoyi. A duk tsawon wannan lokaci sassaucin bai tsaya ko kwana ɗaya ba.

Ko da ma'aunin bai motsa ba, hukuncin kansa yana da wuyar zartarwa. Soke yarjejeniyar gunduma ma'anarsa a mayar da ita ƙarƙashin dokokin da ba ta da kuɗin bi, wato a hukunta yaran da aka ce ana karewa. Miƙa makaranta ga maƙwabciyar gunduma a kudancin Jojiya, inda maƙwabciyar ita ma fama take da talauci da ƙarancin malamai, magana ce ta takarda. Sannan ga tsarin mulkin jihar, wanda ya damƙa ikon makarantu ga zaɓaɓɓun majalisun gundumomi. A 2011 kotun ƙolin jihar ta dogara da wannan ta rushe hukumar da jiha ta kafa don amincewa da makarantun cata ba da yardar gundumomi ba, sai da aka yi wa tsarin mulkin gyara ta ƙuri'ar raba gardama a 2012 kafin a dawo da ita. Da Gwamna Deal ya nemi irin wannan gyara a 2016 don jiha ta sami ikon ƙwace makarantun da suka daɗe suna faɗuwa, wajen kashi 60 cikin ɗari na masu zaɓe suka ce a'a. Jama'ar da ta ƙi ba gwamna wannan iko a fili, da wuya ta zuba ido a yi shi ta bayan gida da sunan yarjejeniya.

Kada kuma a ɗauka tsananta hukunci shi ne magani, domin Jojiya ta ga inda wannan ke kaiwa. A 2011 binciken da gwamnatin jihar ta sa aka yi ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 na Atlanta da hannu a maguɗin jarrabawar 2009. Ana goge amsoshin yara da ba daidai ba a cike daidai, saboda an ɗora wa makarantu adadin da dole su kai, wanda ya kai ya sami lada, wanda ya gaza aikinsa na cikin haɗari. A Afrilun 2015 kotu ta sami mutum 11 da laifi. Shugabar gundumar ta lokacin maguɗin, Beverly Hall, ta rasu wata guda kafin hukuncin ba tare da an yi mata shari'a ba. Yaran da aka ɗaga makinsu da ƙarya su ne suka yi asara, don an hana su taimakon da ya kamata su samu. Wata uku bayan wannan hukunci wa'adin 30 ga Yuni ya cika. Jami'an da suka ga haka da idonsu, ba mamaki in hannunsu ya yi sanyi wajen ɗaure makomar makaranta da lamba guda.

In haka ne, ina bahasin yake? A ganina, in akwai shi, ba a ofishin jiha yake ba. Yana cikin sharaɗin nan da ya raba gundumar cata da ta hanya ta biyu, wanda mutane ba su cika kula da shi ba: dole kowace makaranta ta sami kwamitin gudanarwa mai ikon yanke shawara a kan kasafi, da ma'aikata, da manhaja, da manufofin gyara makaranta. A Atlanta kwamitin yana da masu ƙuri'a tara: iyaye uku da iyaye suka zaɓa, malamai uku da ma'aikata suka zaɓa, mutanen unguwa biyu, da kujera ɗaya da kwamitin ke cikewa da wanda ya ga dama. Shugaban makaranta yana zama amma ba ya jefa ƙuri'a. A Fulton makaranta tana iya rubuta wa gunduma takardar neman a ɗage mata wata ƙa'ida, bayan ta ba jama'a lokaci su faɗi ra'ayinsu. Wanda ya san kwamitocin SBMC na makarantun Najeriya ko COGES na Nijar zai gane siffar, sai dai a nan an sa kasafin makarantar a gabansu, kuma sai sun amince.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne wani zama da yamma a ɗakin karatu na makaranta, wajen watan Fabrairu, lokacin da ake tsara kasafin baɗi. Shugabar makaranta ta haska takardar lissafi a bango ta ce an yi hasashen yara za su ragu, don haka kuɗi zai ragu, kuma dole a zaɓa tsakanin malamin kiɗa da mai koyar da karatu ga masu rauni. Wata uwa ta ɗaga hannu ta tambayi dalilin da ya sa ajin ɗanta ya kai yara 27 alhali bara 23 ne. A gundumar da ta bi hanya ta biyu wannan tambaya sai dai a kai ta zaman majalisar gunduma, a yi layi a sami minti biyu ko uku a makirufo. A nan kuwa mai tambayar tana da ƙuri'a, kuma amsar za ta shiga rubutaccen bayanin zama da kowa zai iya karantawa. Wannan bahasi ne na kusa, na bana, ba na bayan shekara biyar ba.

Shi ma yana da nasa rauni, kuma babba ne. Kaso mafi tsoka na kasafin makaranta albashi ne da aka riga aka ƙayyade, abin da ya rage a yi muhawara a kai kaɗan ne. Shugabar makaranta ita ke da bayanai, ita ke tsara takardar, kuma malamai ukun da ke kwamitin a ƙarƙashinta suke aiki, don haka sau da yawa zaman yakan zama na sa albarka. Sannan unguwa ta fi unguwa. A arewacin Atlanta, inda iyaye lauyoyi ne da akantoci, kwamiti yana iya tsare shugaba da tambayoyi har dare. A unguwar da uwa ke aiki biyu kuma ba ta da mota, samun wanda zai tsaya takarar kujerar ma aiki ne. Lissafin kuɗin jiha na 1985 kuwa ya yi shekaru da dama ba shi da wani ƙarin kaso na musamman don yaran talakawa, abin da mafi yawan jihohin Amurka ke da shi. Ikon raba abin da bai isa ba iko ne, amma ƙarami.

Waɗanda suka fi jin sassaucin a jikinsu su ne malamai. A Jojiya malaman gwamnati ba su da ikon zama teburin ciniki da gunduma a ƙungiyance kamar takwarorinsu na New York ko Chicago. Kariyar da suke da ita wata doka ce ta 1975 da ta ce malamin da ya karɓi kwantiraginsa na huɗu a jere ba za a sallame shi ba sai an faɗa masa dalili an kuma saurare shi. Malamai ba sa wasa da ita. Gwamna Roy Barnes ya cire ta ga sababbin malamai a 2000, suka juya masa baya, ya faɗi zaɓen 2002, wanda ya kayar da shi kuma ya dawo da ita. Amma dokar tana cikin Babi na 20, don haka gundumar cata tana iya sauke ta ba tare da an sake kai ruwa rana a majalisa ba. Haka ta faru a Fannin, can cikin duwatsun arewacin jihar, wadda ta zama gundumar cata a 2015. A 2017 aka ƙi sabunta kwantiragin wata malama da ta daɗe tana aiki, ba tare da zaman sauraro ba. Ita da ƙungiyar malaman jihar suka kai ƙara, suna cewa haƙƙin da ta riga ta samu ba a ƙwace shi daga baya. Kotun farko ta ba ta gaskiya, amma a Fabrairun 2024 kotun ƙolin jihar ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa tun 1993 dokar cata ta buɗe ƙofar ɗage irin wannan kariya, kafin malamar ta same ta. Abin da ya kayar da gwamna a akwatin zaɓe ya wuce salin-alin ta hanyar yarjejeniyar da yawancin malamai ba su taɓa karantawa ba.

Jihar Teksas ta bi wata hanya da ke nuna inda abin ke iya ƙarewa in aka cire ko da ɗan sharaɗin da Jojiya ta sa. Tun 1995 tana da dokar da ta ba gunduma damar rubuta wa kanta cata, amma sharuɗɗan sun yi tsauri har ba wadda ta taɓa kammalawa. Yunƙurin da aka yi a Dallas a 2014 ya watse a farkon 2015. A shekarar ce majalisa ta kawo hanya mai sauƙi: duk gundumar da sakamakonta bai faɗi ƙasa ba tana iya ayyana kanta a matsayin gundumar ƙirƙira da ƙuri'ar kashi biyu cikin uku na majalisarta, ta zaɓi dokokin da za ta sauke, ta sanar da kwamishinan ilimi. Sanarwa kawai, ba neman izini ba. Sama da gundumomi 900 suka shiga. Abin da suka fi saukewa shi ne dokar da ta hana buɗe makaranta kafin Litinin ta huɗu a watan Agusta, sai lasisin malanta, sai iyakar yara 22 a ƙananan azuzuwa. Zuwa shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, kusan ɗaya cikin uku na sababbin malaman da aka ɗauka a jihar ba su da lasisi. A 2025 majalisar Teksas ta dawo ta zartar da dokar da za ta hana gundumomi amfani da wannan sassauci a manyan darussa, mataki-mataki, ana farawa da karatu da lissafi a firamare. Shekara goma ke nan tsakanin ɗage ƙa'idar da dawo da ita, kuma majalisa ce ta dawo da ita ga kowa da kowa a lokaci guda, ba wata gunduma aka kama da saɓa alkawari ba.